Katin Walida da maganin uwarta

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu, ina yi muku fatan alheri. Don Allah ki ɓoye sunana da lambata, kada ki bar ko alamar da za a gane ni. Na san halin mutanen shafin nan, na sha ganin yadda kuke yi wa mutum wankin babban bargo, ni ma na sha sa baki ana zagin wasu. To yau ga ni a hannunku. Roƙona ɗaya, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagi ba shi na zo nema ba, wanda nake yi wa kaina ya ishe ni. Shawara nake so, kuma da gaggawa, domin akwai rai biyu a cikin maganar nan.

Ni malamar firamare ce a Wurno, na haura shekara goma sha biyar ina riƙe da alli. Gidanmu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, irin gidan da ko yarinya aka haifa sai an ji ta da karatu kafin a ji ta da girki. Sunayen da zan faɗa duk na canza su. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Sambo, yana aiki a sakatariya. Shi ya je ya ɗauko mana Luba daga wajen Kwargaba, 'yar manoman albasa, wadda ta tsaya a aji shida. Ba zan yi muku ƙarya ba, tun ranar da aka kawo ta jinina bai haɗu da nata ba. Me ta yi mini? Babu. Ta fi ni haƙuri, ta fi ni iya tuwo, kuma Hajiya mahaifiyarmu, wadda ba ta taɓa yaba mini ko shara ba, sai ga ta tana cewa Luba ce 'yar da Allah ya ba ta da tsufa. Duk wadda ta taɓa jin irin wannan daga bakin uwarta ta san yadda yake ci.

Haihuwar Luba ta fari ɗan bai zo da rai ba. Daga nan ta sauya. Ba ta ci, ba ta wanka sai an tilasta mata, tana zaune sai ka ga hawaye na zuba ba tare da an ce mata komai ba. An yi rubutu an sha, an yi tofi, an kai ta gida wajen iyayenta an dawo da ita, abu sai gaba yake yi. A ƙarshe Sambo ya ce zai kai ta Sakkwato wajen likitan ƙwaƙwalwa, ya roƙe ni in raka su tunda ni mace ce kuma ina jin Turanci. Likitan ya ce ciwon damuwa ne, ba hauka ba ce, ba kuma iska ba, ya rubuta mata wata 'yar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum da safe. Wallahi a gabana matar nan ta dawo mutum. Cikin 'yan watanni ta koma dariya, ta yi ƙiba, ta koma aiko wa Hajiya da fura. Da ta samu wani cikin muka koma, likitan ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla, ya ce ya auna, a halin da take ciki barin maganin ya fi shan sa haɗari gare ta da abin da ke cikinta, ta ci gaba yana lura da ita. A mota muna dawowa Sambo ya juyo ya ce mini, "Yaya, don girman Allah wagga magana ta tsaya tsakaninmu. Kin san mutanenmu, in sunka ji likitan ƙwaƙwalwa cewa za su yi mahaukaciya ta." Na ce masa, "Haba Sambo, ni za ka hwaɗa ma haka? Na ɗauka amana." Da bakina na faɗa.

A shekarar ni ma ina da ciki. Wata biyu ne tsakanin haihuwarmu, duka mata, kuma duka aka sa musu sunan Hajiya. Tunda ba mu iya faɗin sunan, tawa muke kiranta Ummi, ta Luba kuma Walida. Bayan yaye likita ya janye wa Luba maganin a hankali, ta yi shekaru lafiyarta lau ba ta shan komai.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ya kamata ku sani. Duk ƙarshen zangon karatu, Juma'ar da aka ba da hutu, jikokin Hajiya kaf za su hallara a tsakar gidanta bayan an sauko daga masallaci, kowa da katin sakamakonsa. Hajiya tana kan tabarma, iyaye na zagaye, a miƙo katin ɗaya bayan ɗaya, ni ce mai karantawa da ƙarfi. Wanda ya yi ƙoƙari ta shafa kansa ta sa masa albarka ta ba shi dafaffen ƙwan zabi, wanda ya yi baya kuwa ya sha ba'a har hutun ya ƙare. Tun muna yara haka ake yi mana, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi ko abin yana da kyau.

Walida yarinya ce mai shiru. Ta yi jinkirin magana, kuma da ta shiga aji ɗaya ba ta buɗe baki ko an tambaye ta, sai ta zo can baya. Ranar da na karanta katinta Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Wai wagga ɗiya wa tab biyo? Gidanga ba a taɓa haihuwad daƙiƙi ba." Luba ta yi murmushi cikin ladabi ta ce, "Hajiya, a hankali za ta kama, kunya ta ka damunta." Sai Hajiya ta ce, "To Allah shi sa, ai ke ba ki hwaɗin abin da ba shi na ba." Wannan 'yar yabon ita ta tunzura ni. Ko a ranar da 'yarta ta zo baya, Luba ce mai gaskiya? A kwanakin an turo wani rubutu a zaurenmu na malamai a waya, kan matan da ke shan maganin damuwa da ciki da yadda karatun 'ya'yansu yake kasancewa. Kan maganar kawai na gani, ban buɗe na karanta ba. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Wace kunya? Ku tambayi uwatta abin da tash sha sadda tana da cikinta. Wata tara tana haɗiyam maganin mahaukata, mi kuke son kan ɗiya shi zama? Masana sun rubuta, ni da idona nig gani."

Sambo ya ce, "Yaya!" Luba ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Kun san abin da na ji a lokacin? Daɗi. Wallahi daɗi na ji, irin na wanda ya daɗe da ƙaya a ƙafa aka cire masa. Kafin sati ya zagayo maganar ta gama dangi, ta tsallaka unguwa, har wata 'yar uwarmu da ke aure a Rabah ta bugo tana yi mini jaje wai ashe mahaukaciya aka haɗa mu da ita. Mata suka daina aika 'ya'yansu sayen ƙuli-ƙuli wajen Luba. Hajiya ta daina shan furarta. Ba a yi wata uku ba ciwon da ya yi shekaru a kwance ya tashi, Sambo ya mayar da ita wajen likita aka sake ɗora ta kan magani. Ni kuwa na ce wa mutane, kun gani ko, ai na faɗa muku.

Da a nan abin ya tsaya da na ce sharrin baki ne, irin wanda mata da yawa suke yi su yi istigfari. Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sakat.

Bara yaran suka shiga aji uku, kuma ni ce malamar ajin. A makarantarmu malamin aji shi ke koyar da komai, shi ke duba jarrabawa, shi ke shigar da maki a babbar takarda, shi ke cike katin kowane yaro. Hedimasta sa hannu kawai yake yi ya buga hatimi, yara sun fi sittin a aji, wa yake da lokacin dubawa? Tun satin farko na ga abin da ban so gani ba. Yarinyar nan da na kira daƙiƙiya a gaban dangi, kafin in gama rubuta lissafi a allo ta gama a littafinta. Karatun Hausa ba ta tuntuɓe. Rubutunta tsaf kamar an jera tsintsiya. Ummi tawa kuwa, Allah ya shirya mini ita, ba abin da ta sani sai surutu da cin gyaɗa a bayan aji. Da na haɗa makin zangon farko, Walida ta zo ta biyu, Ummi ta zo ta talatin da ɗaya.

Ina so ku yarda da ni a wannan gaɓar, na farkon kuskure ne. Sunansu na yanka ɗaya, a rajista suna jere, wannan a saman wannan, sunan uba kawai ya raba su. Ana gobe hutu ina zaune a ƙarƙashin dogon yaro ina cike kati cikin sauri, ga zafi, ga hedimasta yana aiko a kawo, sai idona ya zame layi ɗaya na zuba makin Walida a katin Ummi. Sai da na ɗauko katin Walida zan cike na gane abin da ya faru. Sabon kati yana nan a jakata, minti biyu ya ishe ni in gyara. Na riƙe biro. Na hango tsakar gidan Hajiya gobe, ni da bakina ina karanta cewa 'yar mai shan maganin mahaukata ta zo ta biyu, 'yar Malama jikar malamai ta zo ta talatin da ɗaya. Ina zan sa fuskata? Me zan ce wa matan da na cika wa kunne da maganar masana? Sai na sunkuya na rubuta makin Ummi a katin Walida, a wajen ra'ayin malami na sa da jan biro cewa ba ta fahimta, tana bukatar addu'a.

Washegari na karanta katunan ba tare da muryata ta yi rawa ba. Hajiya ta rungume Ummi ta ce, "Ga takwarata ta gaskiya, ga jinin gidanga!" Ita kanta Ummi sai da ta zaro ido. Da na zo kan na Walida yara suka fashe da dariya. Yarinyar ta matso kusa da ni, a hankali ta ce, "Goggo, ai na ci lissahin, duka nis samu, na lissahwa da kaina." Na daka mata tsawa na ce, "Ke kin hi ni sani? Ga daƙiƙanci ga ƙarya? Ɓace min da gani!" Ta kalli uwarta, uwar ta kawar da kai tana share ido.

Zango na biyu ba kuskure ba ne. Na uku ma ba kuskure ba ne. Kuma tunda ƙarya tana son gyara kullum, sai na daina mayar wa ajin takardun jarrabawarsu, na ce ɓeraye sun ci a ofis. Na mayar da Walida bencin ƙarshe kusa da taga. In ta ɗaga hannu sai in yi kamar ban gani ba, in ta amsa ba a tambaye ta ba in zane ta don rashin ladabi. 'Yar shekara takwas, 'yar ƙanena, mai sunan uwata. Kafin shekara ta ƙare ta daina ɗaga hannun. Wata rana na ji wata ƙawarta ta ce ta nuna mata lissafi, sai ta ce, "Ki tambayi Ummi, ni ba ni da kai, magani yac cinye min shi tun ina ciki." Haka ta faɗa, ba kuka ba fushi, kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Da kunnena na ji ta, amma ban fasa ba. Me ya sa ban fasa ba? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Ana cikin haka Luba ta samu ciki, bayan shekara takwas ba ta sake haihuwa ba. Maimakon murna sai Hajiya ta kira Sambo ta ce, "Ka ji ni da kyau. In ta sake haɗiyaw wagga ƙwaya da cikinga, ban yahe ba. Guda ta isa, ba a ƙara ɓata min jika." Sambo mutum ne mai biyayya amma ba wawa ba ne. Ya je ya sami likitan, ya dawo ya same ni a gida da rana ina tankaɗe, ya zauna a kan turmi kamar maraya. Ya ce, "Yaya, na rasa yadda za ni yi. Likita ya ce shi bai ga dalilin da za a ɗora ma magani karatun yarinya ba, abubuwa da yawa ka sa yaro shi yi baya. Ya ce in ana son a canza ko a rage, a zo a zauna da shi, amma kada a kuskura a yanke mata kai tsaye, ciwon na iya dawowa hiye da da. Har cewa yay yi in kawo mai Walida shi gan ta. Ke ka koya mata, ke kinka san kanta. Don Allah ki hwaɗa min gaskiya, da gaske ba ta ganewa?"

Jama'a, Allah ya kawo mini ƙofa har gida a ranar. Ba kowa a wurin, daga ni sai ɗan'uwana. Da na ce masa Sambo, yarinyarka ta fi kowa a ajin, ni ce na yi kaza da kaza, da ya yi fushi ya yi kwana biyu ya huce. Amma sai na ci gaba da tankaɗena na ce, "Likita shina Sakkwato, ni ina cikin aji da ita kullum. Kati ukku na hannunka, in ba ka iya karatu ba kawo in karanta ma. In kana son ka tara daƙiƙai gidanka, ni mi na nawa?" Ya tashi ya ce, "Shi ke nan Yaya, na gode."

Ashe bai ma kai ga hana matarsa shan maganin ba. Luba da kanta ta kwashe sauran maganin ta zuba a masai, ta ce ba za ta cuci wani ɗan ba bayan wanda ta riga ta cuta. Ta daina zuwa wajen likitan. Ya sa an bugo waya sau biyu daga asibitin, ta ƙi ɗauka. Sai bayan haka na koma na nemo rubutun nan da na yi ta kafa hujja da shi, na buɗe na karanta har ƙasa a karon farko. Abin da na yi ta faɗa wa mutane ba shi ne a ciki ba. Na kashe wayar na tashi na ɗora girki.

Yanzu cikinta wata bakwai. In kun gan ta ba za ku gane ta ba, daga ciki sai wuya. Ba ta zuwa awo sai Sambo ya ɗauke ta a kan babur kamar kaya. Ba ta kitso, ba ta fita ko ƙofar gida, wuni take a ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Walida ce ke dafa musu abin da ta iya in ta dawo daga makaranta. Uwar Luba ta zo daga ƙauye ta yi sati biyu tana kuka ta koma, don aikin fadama ba ya jira. Hajiya kuwa cewa take yi laulayi ne da son jiki, a bar ta za ta ware. Ni kaɗai a duk dangin na san wannan ba laulayi ba ne, domin ni na zauna a gaban likita ranar farko, na ji tambayoyin da ya yi mata da amsar da ta ba shi game da ko tana jin ta gaji da rayuwa.

Kada wata ta zo ta ce mini ba ni da imani. Ina salla, ina azumin Litinin da Alhamis, ni nake koya wa matan unguwarmu karatu ranar Asabar. Kuma ita ma Lubar, wa ya ce ta zubar da magani ba ta tambayi likita ba? Ni na ɗura mata? Kun gani, haka nake yi, in fara kare kaina sai in tuna jan biron nan in ji kunya ta rufe ni. Ni na sa ta. Ba da hannuna ba, amma ni ce.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai na ji sallama can ƙasa-ƙasa. Luba ce, wadda ta yi wata biyu ba ta taka waje da ƙafarta ba, ta yi wanka ta sa atamfarta mai kyau, tana riƙe da hannun Walida, ɗaya hannun kuma da jakar kayan yarinyar. Ta tura Walida wajen Ummi, sannan da wannan cikin nata ta durƙusa a gabana har ƙasa. Na ce ta tashi ta hau tabarma, ta ƙi. Fuskarta a sake, har da ɗan murmushi, kuma wannan natsuwar ta fi kukanta ba ni tsoro.

Ta ce, "Yaya Malama, na zaka in roƙe ki abu biyu. Na hwarko, ga Walida nan na kawo miki ita, ki riƙe ta. Ke ad da ilimi, ke kinka san ciwonta tun kowa bai sani ba. Ko Allah na sa ki gyara abin da niɓ ɓata. Kada ki ga ba ta ganewa ki gaji da ita, wallahi tana da ƙoƙari, kan na ba ya ɗauka. Tana son a yaba mata ko kaɗan na, in kin samu abin yabawa."

Na ce, "Ke kuma ina za ki da za ki ba ni ɗiya?"

Ta ce, "Babu ko'ina. Na dai gaji na, Yaya. Kuma mai ciki ba ta san yadda za ta ƙare ba." Ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yan kunnenta na aure ta ajiye a gefen faifan shinkafata, ta ce in ajiye wa Walida sai ta girma. Sannan ta ce, "Na biyu, ki gahwarta min. Da kinka hwaɗi maganag ga gaban Hajiya na riƙe ki a zuciya, na yi ta jin haushinki, ina cewa kin ci amana. Ashe gaskiya kinka hwaɗi. Da ba ki hwaɗa ba da na cuci wanga na cikin ma. Na shigo gidanku na ɓata muku jini, kuma na zarge ki a banza. Don Allah ki yahe min, ki roƙa min Hajiya ita ma ta yahe."

Takardun jarrabawar yarinyar nan na gaskiya, na zango uku, suna cikin akwatina a ɗaki, taku goma daga inda take durƙushe. Ban ƙona su ba, ban san dalili ba. Na kalli ƙofar ɗakin, na kalli matar nan da ƙasusuwan wuyanta a waje tana jiran amsata. Na hango Sambo in ya ji. Na hango Hajiya da hawan jininta, da hedimasta, da aikina na shekara goma sha biyar, da mijina, da Ummi da ta riga ta yarda ita ce ta biyu a aji, da matan da nake koya wa karatu ranar Asabar. Kun san abin da na ce mata? Na gyara zama na ce, "Ba komai Luba, na yahe miki. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Ni na yafe mata. Ta yi godiya har sau uku, ta dafa bango ta miƙe, ta tafi ba ta ko waiwayi 'yarta ba.

Jiya da safe na aika a gaya wa Sambo kada ya bar ta ita kaɗai, ya ce ya ɗauki hutu yana gida, amma ya ce ai ta samu sauƙi tunda har ta yi wanka ta fita. Ya yi mata maganar komawa wajen likita, ta ce ko an ɗaure ta an kai ta ba za ta buɗe baki ta sha komai ba, ita da ta ga kati uku da idonta. Ba maganar likita za ta ji ba, ba ta Sambo ba, ba ta uwarta ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai ce mata 'yarki lafiyarta lau, ga takardunta, tashi mu je asibiti, ta yarda ta tashi. In na faɗa, na san ba ni da sauran mutunci a Wurno, kuma wataƙila ba ni da sauran ɗan'uwa. In na yi shiru, ina jin tsoron sallamar da za a yi mini a ƙofar gida kowace safiya. Walida tana nan zaune a gabana yanzu da nake rubutun nan, tana yi wa Ummi aikin gida, ta ɗago ta tambaye ni yaushe innarta za ta zo ta ɗauke ta.

Don girman Allah ku faɗa mini, ta ina zan fara, wa zan fara tunkara, kuma ina da sauran kwana nawa? Me zan yi?